WANDA YA SAYI GAƁA, YA SAYI KOGI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da koguna a cikinta, Ya hore wa ɗan Adam namun daji da kifayen ruwa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata irin kasuwa da ta bunƙasa a yammacin ƙasar Amurka, musamman a jihohin Montana da Wayomin da Kolorado da Teksas, watau kasuwar manyan gandaye na bakin kogi. A da can, wanda ya tashi sayen gandu a wannan nahiya makiyayi ne, tambayarsa kuwa ba ta wuce shanu nawa ciyawar wurin za ta iya ɗauka ba. Daga baya sai aka sami waɗansu masu saye na dabam, attajirai daga manyan birane, waɗanda ba su da wata bukata ga noma ko kiwo. Abin da dillalai ke kuranta musu shi ne tsawon gaɓar kogi, da girman kifin da ke ciki, da garken barewa da ke sauka shan ruwa da almuru, da agwagin daji da ke yada zango a lokacin ƙaura. Mai gandu yakan zo na 'yan makonni a shekara, ya yi fatsa, ya yi harbi, ya sha iska da baƙinsa, sa'an nan ya rufe ƙofa ya koma birni.

Don mai karatu ya fahimci girman abin, a shekarar 1989 Ted Turner, wanda ya kafa gidan talabijin na CNN, ya sayi wani gandu da ake kira Flying D kusa da garin Bozeman a Montana, mai faɗin eka fiye da 113,000, a tsakanin kogin Gallatin da na Madison. A shekarar 2016 kuma Stan Kroenke, mai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal, ya sayi gandun Waggoner a Teksas, mai eka fiye da 500,000, wanda aka sa wa kuɗi dala miliyan 725 sa'ad da aka fitar da shi kasuwa. Waɗannan su ne ƙusoshi, a bayansu kuma akwai masu ƙananan gandaye da dama.

To, wannan al'amari ko da yake a nesa yake faruwa, tambayoyin da ya ɗauko tsofaffi ne, malaman fiƙihu sun daɗe da zama a kansu. Shin ya halatta mutum ya zuba dukiya mai yawa haka don hutawa kurum? Idan ya sayi gaɓa, ya sayi kogin ke nan? Dabbar da ke kai da kawowa a dajin, da kifin da ke ninƙaya a ruwan, mene ne hakkinsu a kansa?

HUJJAR MAI SAYE

Adalci ne a fara jin ta bakin mai saye, domin yana da hujja. Musulunci bai hana mallakar ƙasa ba, bai kuma yanka wa mutum iyakar ekar da zai tsaya a kanta ba, muddin dukiyarsa ta halal ce, cinikin kuma ya inganta. A cikin sahabbai akwai masu manyan gonaki. Abu Ɗalha yana da wani lambu a Madina mai suna Bairuha, daura da masallaci, Manzon Allah (S.A.W.) yakan shiga ya sha ruwansa mai daɗi. Hutawa ma ba laifi ba ce. Sa'ad da Hanzala ya zo yana tuhumar kansa da munafunci, domin yakan shagala da iyali da gona in ya bar majalisin Annabi, sai aka kwantar masa da hankali da cewa kowane abu da lokacinsa. Zuciyar da ba ta hutawa takan gaji da ibada.

Daɗin daɗawa, waɗansu daga cikin waɗannan attajirai sun yi wa ƙasa aiki. Ɓaunar Amurka, wadda a da ake ƙidaya ta da miliyoyi, maharba sun karkashe ta har ta koma 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshen ƙarni na 19. A gandayen Turner an tara dubban waɗannan ɓaunaye, aka kuma gyara waɗansu rafuka don kifin asali ya dawo. Mariri, wanda ya taɓa cika sahel tun daga Nijar har Chadi, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji, alhali kuwa yana nan da yawa a gandayen Teksas. Mai gandu zai iya cewa, da bai saya ba da an yanyanka wurin fuloti-fuloti an gina gidaje, dajin ya mutu, ruwan ya gurɓace. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya raya ƙasa da kyakkyawar niyya ba zai rasa ladansa ba.

Saboda haka amsar tambaya ta farko mai sauƙi ce: asalin cinikin halal ne. Wahalar tana wajen sanin abin da cinikin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba.

RUWA MAI GUDU

Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya sanya mutane cikin tarayya a kan abubuwa uku, watau ruwa da ciyawa da wuta. A kan wannan tushe malamai suka rarraba ruwa. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 450 ta Hijira, ya kasa koguna kashi uku a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya: manya waɗanda Allah Ya gudanar, irin su Dijla da Furatu, da ƙanana waɗanda su ma ba hannun mutum ne ya haƙa su ba, sa'an nan magudanan da mutane suka haƙa da kansu. Na farko kowa yana da hakki a cikinsa ba tare da neman izini ba. Na biyu, idan ruwan bai wadata ba, sai a bi tsari: na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon bukata, ya sakar wa na ƙasa. Haka Manzon Allah ya hukunta a kan rafukan Madina, ya sanya idon sawu ya zama ma'auni. Ko a kashi na uku, inda ruwan yake na waɗanda suka haƙa, ba a hana mai ƙishi ya sha ko ya shayar da dabbarsa. Bukhari ya ruwaito narko mai tsanani a kan mutumin da yake da rarar ruwa a bakin hanya ya hana matafiyi.

Akwai wata ƙissa da ta ƙara fito da hikimar. Wani sahabi mai suna Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi ya yanka masa wurin gishiri na Ma'arib a ƙasar Yaman, aka ba shi. Da ya juya zai tafi, sai wani daga cikin mahalarta ya faɗakar da cewa abin da aka ba shi kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa. Nan take aka janye kyautar. Dalili kuwa shi ne, abin da Allah Ya ajiye a sarari, ba da wahalar kowa ba, jama'a kuma suna bukatarsa, bai kamata a damƙa shi a hannun mutum guda ba. Kogi ya fi gishiri dacewa da wannan siffa, domin mai gandu bai haƙa shi ba, bai saukar da ruwansa daga sama ba, ruwan da ya wuce ta gabansa da hantsi kuma yana gaban wani da la'asar.

Malaman Malikiyya sun tsaya har a kan kifin kansa. Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar, a babin raya mataccen fili, cewa ba a hana mutane su ko da ruwan yana cikin mulkin wani. An sami saɓani a mazhaba: Sahnunu yana ganin mai ƙasa zai iya hanawa, Ashhabu kuma ya bambanta tsakanin kifin da ya zo da kansa da wanda mai wurin ya zuba ya hayayyafa. Masu sharhi sun ƙara da cewa idan shigar masunta za ta ɓata amfanin gona ko ta keta sirrin iyali, yana da ikon hanawa. Amma wannan saɓani a kan kududdufi da tafkin cikin gona ya fi ƙarfi. Kogin da ya fito daga wata ƙasa ya nufi wata, da wuya a sami mai cewa kifinsa na mutum guda ne.

Abin lura shi ne kotunan Amurka sun yi ta fama da wannan tambaya, har yanzu kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. A shekarar 1984 babbar kotun Montana ta yanke hukunci biyu, ɗaya a kan kogin Dearborn ɗaya a kan Beaverhead, cewa ruwan na jama'a ne ko da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wani ce. A 1985 majalisar jihar ta mayar da wannan doka: kowa yana iya shiga kogi ya yi fatsa ko ya tuƙa kwalekwale, iyakarsa alamar da ruwa ke kaiwa in ya cika, amma ba shi da izinin ratsa gonar wani don ya isa can. Waɗansu masu gandaye a kwarin Bitterroot suka ce wani reshen ruwa da ake kira Mitchell Slough magudana ce da aka haƙa, saboda haka tasu ce. A 2008 kotun ta ce rafi ne na asali, ta buɗe shi ga jama'a. Mai karatu zai ga cewa wannan gardama ita ce ainihin bambancin da Al-Mawardi ya yi tsakanin kashi na biyu da na uku. Jihar Kolorado kuwa ta bi wata hanya, inda kotunta ta yanke a 1979 cewa jama'a ba su da hakkin bin rafin da ya ratsa ƙasar wani ba da yardarsa ba. A 2022 babbar kotun New Mexico ta karkata ga ra'ayin Montana.

Darasin da ke nan shi ne doka takan bambanta daga jiha zuwa jiha, mutum kuma zai iya samun takardar da ta ba shi ikon korar masunci. Wannan takarda tana kare shi daga alƙalin duniya kaɗai. Manzon Allah ya gargaɗi masu ƙara cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya tsara hujja har aka yanka masa hakkin ɗan'uwansa, to yankin wuta aka yanka masa.

HURUMIN JAHILIYYA DA NA MUSULUNCI

Larabawa kafin Musulunci suna da irin nasu gandun. Malamai sun ba da labari cewa shugaban ƙabila yakan hau tudu ya sa kare ya yi haushi, duk inda muryar karen ta kai ya zama huruminsa, ba mai kiwo a ciki sai shi, alhali yana tarayya da jama'a a sauran makiyaya. Kulaibu ɗan Rabi'a ya shahara da wannan. Wata taguwa ta shiga huruminsa ya harbe ta, aka kashe shi a kanta, Bakar da Taglib suka shiga yaƙin Basusa wanda aka ce ya kai shekara 40.

Musulunci ya rushe wannan al'ada, ya mayar da keɓe hurumi hakkin Allah da ManzonSa, watau don amfanin jama'a. Annabi ya keɓe Naƙi'u saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar da Umar ya yi wa yaronsa Hunayyu da ya ɗora a kan hurumin. Ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki su shiga, ya kuma yi hattara da garken Ibn Aufin da na Ibn Affana. Hujjarsa ita ce, su biyun in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa in nasa suka mutu sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa. Hurumin Umar yana kore mawadaci ya shigar da matalauci, na Kulaibu kuwa akasin haka yake yi. Ya kamata kowane mai gandu ya duba ya ga wanne ne nasa ya fi kama da shi.

Shinge yakan tsare har abin da ba na mai shi ba. A Wayomin akwai wuraren da ƙasar gwamnati da ta masu gandaye suke sarƙe da juna kamar gidajen dara, tun rabon da aka yi wa kamfanonin jirgin ƙasa a ƙarni na 19. Mai gandu in ya rufe nasa, sai filin jama'a da ke ciki ya zama nasa a aikace. A 2021 waɗansu maharba huɗu suka kafa tsani a kusurwar da filayen gwamnati biyu suka haɗu, suka tsallaka ba tare da sun taka ƙasar kowa ba. Mai gandun Elk Mountain ya kai su ƙara yana neman diyya, a watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba maharban gaskiya.

HAKKIN DABBA

Farauta halal ce da nassin Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da karen farauta mai horo ya kamo, ta kuma halatta naman ruwa. Amma Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce. Khalil ya ƙara da cewa haramun ne a farauci dabbar da ake ci ba da niyyar yanka ta don amfani ba. Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan tsuntsu aka kashe a banza zai kai ƙara ranar alƙiyama. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske waɗansu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Manzon Allah ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara.

A kan wannan ma'auni, wanda ya harbi barewa ya ambaci sunan Allah, ya ci, ya rabar wa maƙwabta, bai yi laifi ba, ko da ya ji daɗin fitar. Wanda kuwa burinsa ƙaho ne da zai rataya a bangon zaure, dabbar kuma an kewaye ta da dogon shingen waya, an saba mata da wurin cin abinci har ba ta gudu, wannan ya kusanci samarin da Ibn Umar ya tsawatar wa.

Akwai wata al'ada a kogunan nan, watau a kama kifi da ƙugiya, a auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Masu yin haka suna cewa kiyaye kifin suke yi don kada ya ƙare, kuma gaskiya ne kogin da ake kwashe duk abin da aka kama ba ya daɗewa. Idan mutum ya fita neman abinci ya saki ƙarami ko mai ƙwai, ko ya bi dokar hukuma, wannan gyara ne. Amma wanda ya fita tun asali ba da nufin ci ba, sai don ya ji daɗin fizgar da kifi ke yi a kan ƙugiya, ya kamata ya tambayi kansa wane suna shari'a za ta ba wahalar da ya jawo wa wannan halitta, tun da ba ta ƙosar da kowa ba.

GONA MAI ƘORAMA

Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin wani mai irin wannan gandu a Suratul Kahfi. An ba shi gonaki biyu na inabi, kewaye da dabino, da shuka a tsakani, da ƙorama tana gudana ta tsakiyarsu. Ba a zarge shi da sata ko ƙwace ba. Laifinsa shi ne ya shiga gonar yana alfahari ga abokinsa talaka, yana zaton ba za ta taɓa ƙarewa ba, aka wayi gari yana tafa hannu a kan abin da ya kashe. A Suratul Ƙalam kuma masu wani lambu suka ƙulla su yi girbi da sassafe a ɓoye don kada miskini ya shigo, suka tarar da shi ƙurmus. Fir'auna ma da ya tashi yi wa mutanensa taƙama, da kogunan da ke gudana a ƙarƙashinsa ya yi.

A gefe guda ga Sayyidina Usmanu ɗan Affana. Ya iske rijiyar Ruma a Madina ana sayar da ruwanta, ya saye ta da dukiyarsa ya yi waƙafi, gugansa ya zama daidai da na kowa. Abu Ɗalha da ya ji ayar da ta kwaɗaitar da ciyar da abin da aka fi so, Bairuha ya miƙa. Waɗannan ma attajirai ne masu ruwa da lambu, sun kuwa ci riba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan mas'ala. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili, mai suna Ta'alimur Radi. Al'ada ta san burtali da mashaya, ta san Sarkin Ruwa. A Argungu akan hana su a Matan Fada har sai ranar biki, a buɗe wa dubban masunta su faɗa ruwa tare da komarsu, hanin da amfaninsa ke komawa ga kowa. Duk mai kuɗin da ya sayi fadama ya kewaye ta da waya har bakin ruwa, ya toshe burtali, ya bar makiyayi da garkensa suna kallon ruwa daga nesa, hukuncinsa ɗaya da na takwaransa na Montana. Wataƙila ma nasa ya fi nauyi, domin wanda aka hana a can nishaɗi ya rasa, wanda aka hana a nan kuwa abincinsa ne ko ran dabbarsa.

Saboda haka wanda Allah Ya buɗa wa, ya yi sha'awar gandu a bakin kogi, ya saya, Allah Ya sa albarka. Sai dai kafin ya sa hannu ya binciki su wane ne ke bin wannan gaɓa tun kafin zuwansa, ya bar musu hanya da mashaya. Kada ya tare ruwa ga na ƙasa da shi, kada ya zuba masa ƙazanta. Ya harbi abin da za a ci, ya tsaya nan. Ya tuna cewa ƙasar da aka ajiye don amfanin kai ba a fitar mata da zakka, don haka ya nema wa kansa wata ƙofar sadaka a cikinta, kada wurin shaƙatawa ya zama maɓoyar dukiya daga hakkin talaka. Shi kuma masunci ko maharbi da aka bar wa hanya, ya kiyaye shuka da shinge da mutuncin iyalin mai wuri, domin dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Kowane gandu da ke bakin waɗannan koguna ya ga masu shi kafin na yanzu, tun daga ƙabilun asali da aka kora, zuwa makiyayan da suka gaje su, zuwa attajiran da suka saye daga makiyayan, kogin kuwa bai bi ko ɗaya daga cikinsu kabari ba.

Allah Ya sa a gane gaskiya a bi ta, Ya tsare bayinSa daga cin hakkin mutum ko na dabba, Ya shayar da su daga tafkin Alkausara. Amin.